Mudun Fa?

Folarin ne ya fara gani,
ƙarfe biyu da kwata na dare, janareta na tari a bayan taga.
Ya juyo mini da fuskar wayarsa:
"Ogan nasu ya sauka."
Na ce, to.
Na koma kan tayar danfo
wadda ta ƙi taɓa kwalta tun ranar Talata.

Shekara uku muna gina wasan nan
a ɗaki ɗaya a Yaba, saman shagon mai ɗinkin labule.
Kwandasta na lilo a ƙofa, yana kiran Oshodi, Oshodi,
kai kuwa kana kauce wa rami, da 'yan tasha, da ruwan Yuli.
Duk a kan injinsu muka ɗora shi,
kamar mai gini a filin aro
da aka dafa wa kafaɗa aka ce: gina abinka, ba mai tashin ka.

Sai wata safiya takarda ta iso.
Daga yau duk wanda ya sauke wasanku za mu ƙirga, ku biya.
Da dala.
Na tuna Sagir na kasuwar waya a Ikeja,
mai wanke waya goma kafin azahar,
yana sake zuba wa yara wasanmu don kawai muna shiri.
Ashe alherinsa bashi ne ake rubuta mini
a littafin da ban taɓa ganin bangonsa ba.

Duniya ta yi musu caa.
Suka janye rabi, suka ba da haƙuri da harshe mai santsi.
Yau kuma ga shi mutumin ya kwashe takardunsa,
an ce mu yi murna, an share gida.

Innata ta daina sayen wake wurin Alhaji Ɗanbala a Agege
ranar da ta kife mudunsa
ta ga an doke gindin ya shige ciki.
Ya rantse, ya kori yaron shago,
ya kawo sabo mai fara'a da farar hula.
Ta tsaya bakin rumfa da kwandonta a ƙugu, ta ce:
"Yaro na ga ya tafi, Alhaji.
Mudun fa?"

Su wa suka zauna a ɗakin da aka yanke shawarar?
Kujera nawa ce, guda nawa aka ɗaga?
Layin nan na yarjejeniya da ya ɓace cikin dare,
hannu ɗaya ne ya goge shi?
Ban sani ba.
Rashin sanin ne ke cina, ba kuɗin ba.

Nkechi ta buga lissafi a bayan takardar suya:
ƙaura zuwa wani injin, wata takwas.
Abin da ke asusu, wata huɗu, in ba a ƙara kuɗin mai ba.
Folarin ya ce a ba su dama, kowa na kuskure.
Na ce haka ne.
Wanda ya taɓa zamewa a gadar Obalende ma yana sake hawa,
sai dai hannunsa ba ya barin ƙarfe.

Da suka yi barci na sauke ɗaya injin,
wanda aka ce ba shi da maigida.
Na zana akwati rawaya, ba taya, ba kwandasta,
na tura shi daga hagu zuwa dama.
Ya tafi.
Na daɗe ina kallonsa kamar ɗan da ya fara tatata.

Kiran assalatu ya haɗu da hon ɗin motar farko.
Na koma tsohon gida, na gyara lamba ɗaya,
taya ta sauka, ta taɓa kwalta.
Na adana aikin sau biyu,
wuri biyu,
na kashe janareta.