Yana a Idon Babur

Laifi biyu ne: ɗaya na rana, ɗaya nawa.
Na rana kowa ya sani,
bazarar Sakkwato da ke gasa mazaunin babur
ta shekara uku tana lasar fitilata
har ta koma ruwan ɗorawa.
Nawa kuwa, ƙwai na saya mai ƙarfin tsiya,
don 'yan kabu-kabun Dandima su san na iso.
Mako biyu ina kashe wa bayin Allah ido,
sai ƙwan ya juyo
ya ci gidansa daga ciki.

Daren Talata, hanyar Kware,
na ɗauko wata tsohuwa da buhun albasa,
hasken gabana kamar koko a ƙwarya.
Jaki na tsaye a tsakar titi.
Kunnensa na gani, ba jikinsa ba.
Tsohuwa ta ce, ɗan nan, sauke ni,
ƙafata ta fi fitilarka gani.

Da safe na tura sai Rijiyar Ɗorowa,
gindin dogon yaro, wajen Arzika.
Bai duba ba. Shafawa ya yi da babban yatsa,
ya ƙwanƙwasa da farce, ya saurara.
“Wagga ba gilashi ba ta, roba ta.
Roba ko tana da zuciya, tana riƙo.”
Na tambayi kuɗin sabuwa.
Ya faɗa. Na zauna a kan benci.

Ya kwance ƙusa huɗu, ya zuba su a murfin gwangwani.
Ya aiki Jelani ya sayo ruwan leda biyu,
ɗaya na sha, ɗaya na aiki.
Ya yago samfefa mai kaushi, ya jiƙa,
ya fara gurza.
Wayyo.
Abin da na kawo da sauran gani
ya koma fari fat kamar an shafa masa nono.
Na miƙe.
Ya ce, “Zamna. Mai gyaran ƙwarya sai ya huda ta.”

Daga mai kaushi sai mai dama-dama,
wannan karon a gicciye.
Daga nan sai wata mai laushi kamar kunnen akuya.
Ruwan sabulu na ɗiga ta gwiwar hannunsa,
rawaya, rawaya,
shekara uku na rana suna zuba a ƙasa
kaji suna zuwa dubawa.
Aka kira azahar, muka je muka dawo,
robar na nan a inuwa, ta bushe.

Sai man goge baki a tsumman tsohuwar singileti.
Ya yi ta zagayawa, bai ce uffan ba,
har ganyen dogon yaro ya fara fitowa a cikinta,
har na ga hancina.

Amma can tsakiya, inda ƙwan ya yi zama,
akwai tabo kamar ƙwayar gujiya,
ya narke, ya murɗe, ya daskare.
Na nuna masa.
A nan na lura da idonsa na hagu,
farin da ya kwanta a kan baƙin.
“Na waje hannu na kai gare shi,” in ji shi.
“Na ciki sai haƙuri.”

Ya fesa mata abin kare rana, siriri,
ya mayar mini da ƙaramin ƙwai irin na da,
ya jefa babban a aljihuna: “Kai wa kaza.”

Yanzu in na kama hanyar Kware da dare
ina ganin rami, ina ganin jaki har wutsiya.
Sai dai a tsakiyar hasken
wata 'yar inuwa na gudu a gabana,
ba ta gajiya, ba na cim mata.
Fasinja kan tambaya mece ce.
Nakan ce, kuɗinta na biya,
riƙe ni da kyau, ga gada nan tafe.