Araha Ba Ta Ado

Ba ta kai kuɗin tsohon firji ba.
Jatau ya ce, "Kyauta na ba ka, Barau.
Ka ja sau ɗaya, ita za ta ɗora wa kanta na gaba,
harsashi takwas, ɗaya bayan ɗaya kamar layin gidan mai."
Na ƙirga kuɗin a bayan Panteka,
tsakanin gawar wata Fijo da tulin tayoyi.
Ya naɗe ta a ledar burodi.
Daga nan har Rigasa
aljihuna na hagu ya fi ni nauyi.

Me ya kai ni?
Ka tambayi ƙofar Mamuda
da aka ɓalle ƙarfe biyun dare,
ka tambayi gonar da ya sayar ya karɓo matarsa.
Ni mai kemis ne.
Iyakar abin da hannuna ya iya
shi ne ƙirga ƙwayar zazzaɓi goma-goma.

Ran Lahadi muka fita bayan Buruku gwaji.
Gwangwanin madara shida a kan dutse.
Na kanne ido ɗaya, na ja,
kunnena ya tafi ya bar ni a tsaye.
Gwangwanaye suna nan zaune kamar dattawan unguwa,
wata kuka can gefe, wadda ba ruwanta,
ita ta sha biyu a ciki.
A na uku bindiga ta cije.
Jatau ya bubbuga ta da tafin hannu
kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi,
yana dariya: "To, araha ba ta ado."

Warin albarushi ya biyo ni gida.
Kubura ta ce, "Me ka ƙona?"
Na ce shara.
Shekara sha huɗu da aure,
a kan ƙarfe na fara yi mata ƙarya.

Ta kwana uku a buhun masara,
sai na tuna hannun da ke ɗibar tsaba.
Na mai da ita saman sili,
sai na tuna ɗana ya fara hawan kujera.
Yanzu tana ƙarƙashin katifa, daidai haƙarƙarina,
muna kwana tare, ba mai yarda da wani.

Da can barcina dutse ne a rijiya.
Yanzu kyanwa ta taka kwano, na tashi.
Jirgin Abuja ya yi kuka, na tashi.
Mai gadi ya yi tari,
hannuna ya riga zuciyata isa wurin.
Na sayi tsaro, sai aka ba ni aikin gadi,
kuma abin da nake gadi shi ne ita.

Ban san bakin da ya fitar da zancen ba.
Jiya bayan isha'i Tanimu ya yi sallama,
ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa,
ya sayi maganin tari da ba ya bukata,
sannan ya sunkuyar da murya:
"Ara mini abin nan na kwana ɗaya.
Akwai mai riƙe mini kuɗi a Kakuri,
nuna masa kawai zan yi."
Kamar tsani yake roƙo.
Kamar galma.

Na ce na sayar.
Ya kalli aljihuna, na kalli takalminsa.

Yau da asuba na tsaya kan gada,
ledar burodi a hannu,
kogin Kaduna ya cika, ja kamar shayi.
Saki ɗaya ne, ba mai gani.
Sai ƙofar Mamuda ta faɗo mini a rai,
da ƙarar da ta yi.
Wani mai Keke ya ce, "Malam, za ka wuce?"

Na shiga.
Saura shida a cikinta.
Na ƙirga su yanzu, kafin na buɗe shago,
da yatsun nan da suka saba da ƙwayar magani.