Gwajin Gam a Machala

Ƙarfe biyun dare a Machala,
fanka na kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan.
Ni, Narcisa, da wuƙata da ma'aunina,
na yanko kwali, faɗin yatsu uku,
daga tarin da inji ya amayar tun faɗuwar rana.

Dubi bakinsa:
takarda a sama, takarda a ƙasa,
a tsakani wata ta yi kunya-kunya
kamar gonar da ta sha huɗa.
A tozon kowace kunya akwai layin gam,
sitacin masara da Holger ya dama a tanki,
siriri kamar zaren ɗinki.
Shi zai riƙe ayaba kilo goma sha takwas,
da 'yan'uwansa bakwai a kansa,
mako uku a cikin jirgin ruwa
inda laima ke lasar komai.

Ina zura haƙoran ƙarfe cikin ramukan
kamar mai shirin tsefe kai,
rabi su riƙe sama, rabi su danne ƙasa,
sannan in taɓa maɓalli.
Injin ba ya gaggawa. Yana ja, yana ja,
lamba na hawa a allo,
har kwalin ya ce ƙas.

Shekara goma sha tara ke nan
ina raba abin da aka haɗa
don a san ko ya haɗu.

Ba lambar nake fara dubawa ba,
raunin nake kaiwa gaban fitila.
In gam ya kama, rabuwar ba ta kyan gani:
takarda kan yage, ta bar gashinta jikin 'yar'uwarta,
buzu-buzu, kowa da tabon kowa.
In bai kama ba, sai su rabu sumul,
fari fat,
kamar ba su taɓa kwana wuri ɗaya ba.

Na daren yau sumul ya rabu.
Na sake yankowa. Sumul.
Na uku, na biyar, na goma.

Don Efrén ya shigo, wuyan rigarsa sharkaf,
waya na ruri a aljihunsa.
"Jirgi na jira a Puerto Bolívar, Narcisa,
jibi zai ɗaga.
Kwali dubu arba'in! A ido lafiyarsu ƙalau."
Na ce ido ya san ƙima, amma ba mudu ba ne.
Na miƙa masa guda, na ce ya ɓare da yatsa.
Ya ɓare. Takardar ko uffan ba ta ce ba.
Ya daɗe yana kallon hannunsa.

Holger ya biyo baya yana murza tsumma,
ya ce tururi ne ya yi sanyi wajen ƙarfe tara,
sitacin bai nuna ba, ɗanye ya hau takarda.
Ba wanda ya ɗaga murya.
Na ɗauki jan alli na zagaye tarin,
aka sake hura wuta.

Gari na wayewa, ina cikin motar gida,
ƙamshin dafaffiyar masara bai bar rigata ba,
sai ga saƙon Yadira daga Genoa,
inda take sauke kaya a kasuwar 'ya'yan itace.
Hoton gindin kwali ne, da hatimin masana'antarmu.
"Mama, naki ne? Ya iso ko lotsawa bai yi ba."

Shekara shida rabona da ita.
Mashacin da ta yi amfani da shi
ranar da na raka ta filin jirgin Guayaquil
yana nan bayan madubi,
da silin gashinta uku ko huɗu a haƙoransa.
Ban wanke ba.

Na ƙara girman hoton da yatsu biyu,
na karanta kwanan watan da ke jikin hatimin.
Talata ce, aikin dare.
Na rubuta mata: Nawa ne.
Kin karya kuwa?