Ƙulun Ƙwauri

A Oshodi, shida saura kwata,
kwandasta na ta ihun Agege, Agege,
na ɗaga ƙafa zan haye danfo,
ƙarfen matakala ya riga ni sallama,
ya gaisa da ƙwaurina, gaisuwar da ba a amsawa.

Na haɗiye ƙara, na cije leɓe,
don a Ikko mai tsayawa kuka shi ke rasa kujera.
Kafin mu wuce Ikeja
abu ya tashi kamar curin fura,
ya tokare ƙafar wandona, yana zugi, yana bugawa.

A gida Sahura ta tsuguna, ta sa yatsa:
"Baba, wa ya ɓoye maka ƙwai a ƙafa?
Ran da na zame a bakin famfo da mazaunai na faɗi,
ai ni ban ga komai ya fito ba."
Ni mai gyaran janareto ne,
daga nesa nake jin ciwon fulogi,
amma injin da nake ciki shekara arba'in da ɗaya
ban taɓa kwance murfinsa ba.
Na ce, je ki kira Iya Morenike, ita ce da amsawa.

Ta ɗakin ƙarshe, tsohuwar nas,
ta zo da fiya wata daskararre a cikin tsumma,
ta ɗora min ba ko sannu,
ta juya ga yarinyar da Hausarta ta Agege:
"Taɓa ƙwaurinki. Me kika ji? Fata, sai ƙashi.
Babu tsoka, babu katifa.
Akwai jijiyoyi a nan, sun fi zaren ɗinki siranta.
Ƙarfe daga waje, ƙashi daga ciki,
su a tsakiya kamar gyaɗa a turmi, sai fashewa.

Jini ya zubo, ina zai bi?
Ƙasa dutse ne, ba ya shan komai.
Ga jiki kuma ya ji labari,
ya buɗe hanyoyi, ya turo ruwa,
ya turo 'yan gyara da 'yan kwashe shara,
kowa na gaggawa, wuri kuwa kaɗan.
Sai fata ta ɗaga musu rumfa.
A mazaunai akwai fili, baƙi sai su bazu,
shi ya sa naki bai yi tsiri ba.
Sanyin nan rufe titi yake yi, ya rage masu shigowa."

Ta karɓi tsummanta, ta ja silifa.
Na zauna da ƙafa bisa bokiti ina tunani.
Ashe garin nan ne aka zana min a ƙwauri:
ruwan Yuli in ya sauka kan kankare
ya rasa ƙasar da za ta sha shi,
ba ƙofar ɗakinmu yake hawa ba?
Kuma mu da muka taru daga ko'ina,
teku a gaba, lagun a baya,
da gefe ya ƙare, ba sama muka koma ba,
bene kan bene, muna ta kumburawa?

Sahura ta maida ƙulun abin kiwo.
Kullum da safe sai ta auna shi da murfin kwalba.
Laraba ja ne, Juma'a ya yi baƙi,
Litinin kore-kore kamar ɗanyen lemo,
daga nan ruwan ɗorawa, yana ta lafawa.

Ran da murfin ya zauna daram a kan fata
ta ɓata rai kamar an yanka mata kaza.
"To ina ya tafi?"
Na ce, inda ruwan tsakar gidanmu ke tafiya:
a hankali, ta ƙananan kwatoci, da dare,
ba mai ganin wucewa.

Gobe ma Oshodi zan je.
Matakalar tana nan, na san ta yanzu.
Ita ce dai ba ta san ni ba.