Dutsen da Na Zana

Shekara talatin ina zana shi a ofis a Katsina,
da'ira cikin da'ira kamar saƙar faifai,
in sa masa lamba a ka, in busa tawada, in naɗe.
Ban taɓa taka shi ba.

Sai bayan fansho, wata Asabar ta kaka, da sassafe,
mu bakwai muka sauka daga mota can bayan Dutsin-Ma,
inda gonar gero ta ƙare, ƙaya ta karɓa.
Nomau mai ɗiban zuma shi ne jagora.
Ya dubi takalmina na kanti, ya dubi tumbina,
ya ce, "Alhaji, dutse ba ya karɓar na goro.
Kowa gorar ruwa biyu.
Wanda ya ga maciji ya tsaya, ya yi shiru."

Muka bi shi a jere.
Tabawa nas ta ci ɗamara da gyale,
ɗalibai uku suna ta ɗaukar kansu hoto,
Jatau direba yana rantsuwa akwai mai shayi a sama.
Kafin hantsi dariya ta ƙare.
Sai haki, sai tsakuwa da ke gangarawa
tana neman mai raka ta.

A takardata, daga wannan layi zuwa wancan
bai kai faɗin farce ba.
Faɗin farcen nan ya ci mini awa guda da fatar gwiwa.

A wata tsaga da Nomau ke kira Maƙoshi
ya ce a tuɓe takalma:
"Tafin ƙafa ya fi roba sanin gaskiya."
Ya haye kamar an kira shi cin tuwo,
ya ɗaure igiya a saiwar ɓaure, ya jefo mana.
Barau, ƙaramin ɗaliban, ya leƙa ƙasa sau ɗaya,
ƙafafunsa suka ƙi shi.
Ba wanda ya yi masa dariya.
Aka bar masa dabino da inuwa, ya zauna gadin takalma.

Ni kuwa na manne,
kunci a kan dutse mai ɗumi, hanci cike da warin kashin rema,
zuciya na daka kamar ana sussuka a ƙirjina.
"Kada ka dubi sama, kada ka dubi ƙasa,"
in ji murya daga bisa kaina.
"Dubi inda hannunka zai je."
Ina ma an gaya mini haka tun ina saurayi.

Da azahar muka kai.
Na zaci tsini zan tarar, irin ɗigon alƙalamina,
ashe fili ne, ya isa sallar idin ƙaramin ƙauye.
Ga kwarmi cike da ruwan sama, talibambam na wasa a ciki,
ga gurbin niƙa huɗu, sun lotsa, sun yi santsi.
"Kakar kakata ta yi niƙa a nan zamanin gudun yaƙi," in ji Nomau.
"Da tulu take hawowa, da goyo."
Tabawa ta sa tafinta a gurbin,
ta daɗe ba ta ce uffan ba.

Na nemi iyakokin da na shata,
har gonar da wa da ƙane suka shekara tara a kotu dominta.
Ban ga layi ko ɗaya ba.
Kore ne kawai, da jar ƙasa,
da rafi kamar zaren da ya zame daga allura.
Shaho ya gifta a ƙarƙashinmu.
Yau na ga bayan shaho.

Muka yi alwala a kwarmi, Jatau ya ja mu salla
da muryar da ban san yana da ita ba.
Na zaro taswira daga aljihu, gumi ya jiƙa ta,
iska na neman ƙwace ta.
Na shimfiɗa, muka danne da duwatsu,
muka zuba ƙuli-ƙuli a kai.

"Ku ci da hanzari," in ji Nomau, yana kallon hadari a gabas.
"Hawa ai nafila ce.
Sauka ce farilla,
kuma Barau na can yana jira da takalma."