Kwabo Arba'in

Duluth, ɗakin otal, hawa na biyu.
Tebur ya raba mu:
su huɗu da kwat, mu shida da ciwon baya.

Shekara sha tara ina yankan nama a kantin Brandvold,
yau ni ne bakin mutum ɗari bakwai.

Lauyansu ya ce rassa uku sun mutu bara,
na huɗu yana shure-shure.
Bai yi ƙarya ba.
Ni na kashe fitilar na ukun,
firji na gurnani, ko madara babu.

Muka ce kwabo arba'in kan kowace awa, da kuɗin asibiti.
Suka ce goma.
Renata mai karɓar kuɗi ta dire kwalbar maganin ɗanta a tsakiyar tebur,
ba ta ce uffan ba.
Kofi ya huce.

Jirgi ɗaya ke yoyo, na sani,
amma su suna sama,
mu ruwa ya kawo mana ƙugu.

Biyun dare, ƙanƙara ta binne motoci.
An tsaya a ashirin da biyar.
Gobe zan karanta wa su Odell,
in ƙirga hannuwan da za su tashi.