Cinikin Ƙarfe a Walsall

Mun isa filin kafin bakwai,
yayyafi na ta shawarar ko ya zama ruwa.
Alun Pritchard, kofin shayi a hannu,
ya nuna min ita da haɓa.
Ga ta can, rawaya, ƙahonni biyu a ƙasa
kamar sa ya sunkuya bakin kwami.

Fokilif. Shekararta goma sha ɗaya.
Fentinta bai yi mako ba.

Na bar fenti, na ɗora tafi a kan inji.
Da ɗumi.
Wani ya riga ni tashin ta,
ya share mata maƙogwaro kafin baƙi su zo.
Baffa Tukur ba ya taya sa da rana a Maigatari.
Ya ce an ba shi kanwa, ya sha ruwa, ciki ya ɗau girma;
ka zo da asuba ka ga yadda yake miƙewa.

Zuwaira ta shimfiɗa kwali,
ta shige ƙarƙashi da tocila a baki.
Ita ce ta yi karatun ƙarfe, ni hannu kawai na gada.
"Baba, nan tana zubar da hawaye."
Ɗigo uku, ja kamar zoɓo.

Agogonta ya ce awa dubu huɗu ta yi aiki.
Feda ta suɗe har ƙarfe ya leƙo,
sitiyari sumul kamar muciyar gado,
kujera ta lotsa da siffar mutumin da ban sani ba.
Agogo a iya juya masa harshe.
Kujera fa?

Na bi sarƙa gaɓa-gaɓa kamar mai jan carbi,
na goge dugadugan ƙahonni da tsumma,
ina neman tsaga mai kaurin gashi,
irin wadda ke haƙuri shekara biyu
ta saki kaya ranar da yaro ke tsaye a ƙasa.
Ban samu ba. Na sake dubawa.

Sai muka ɗora mata tan guda na bulo,
muka ɗaga sama da kaina, muka kashe inji.
Na ja layi da alli.
Minti goma.
Alun na ba ni labarin gwiwarsa,
ni ina lissafin fam dubu shida,
daren shekara tara, buhunan shinkafa,
da likitar da ta ce bayana ya gama biyan bashi.

Kaya ya sauka yatsa biyu ƙasa da alli.

Ban ce na fasa ba, ban ce na saya ba.
Na ce Litinin zan dawo, duhu bai waye ba,
kuma kada kowa ya gaishe ta kafin ni.
Ya dube ni, ya dubi Zuwaira da baƙin mai a kunci,
ya yi dariya har shayi ya zuba,
ya zare makulli ya miƙo min.

Yana aljihuna yanzu, da sanyinsa.
Ita ma haka nake so in same ta.